Ƙwan da Ke Jin Magana: Gwanintar Masu Wayarin a Dutse

Makunnin da ke jikin bangon ɗakunanmu magana biyu kawai ya iya: kunna da kashe. Ko dai ɗaki ya ɗauki haske tar har ido ya yi yaji, ko kuwa ya yi duhu dunɗum. Iyayenmu da suka yi zamani da fitilar ƙwai ba su san wannan takura ba. Idan maijego ta shayar da jariri ta kwantar da shi, sai ta murɗa lagwani ƙasa, haske ya ragu daidai yadda za ta ga fuskar ɗanta ba ta tashe shi ba. Malami mai nazarin dare ya ɗaga lagwani, in ya rufe littafi ya sauke. Da lantarki ya shigo, ya zo da haske mai yawa, ba hayaƙi ba warin kananzir, amma ya tafi da wannan tsaka-tsakin.

Yau akwai masu sana'ar da ke dawo mana da shi, har da gyara a kai, domin yanzu ba sai mutum ya miƙe ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da ke tashi nafila tana iya ɗaga haske kaɗan daga kan gadonta. Uwargida mai haɗa sahur tana haska tsakar gida ba ta farkar da yara ba. Maigida in ya ji ana buga ƙofa cikin dare sai ya kunna fitilar zaure daga turakarsa kafin ya fito. Abin da ke yin wannan aiki wata 'yar na'ura ce da za ta ɓuya a tafin hannu, wadda ake tura ta bayan makunni ko cikin silin. Masu aikin suna ce mata mojul, mai rage haske kuma su ce dima. Kowa mai kuɗi zai iya saye. Sa ta ta zauna lafiya a gidan Dutse shi ne inda ake bambanta gwani da ɗan koyo.

Gida ɗaya, wuta uku

Dutse gari ne da ya yi girman gaggawa. Daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka yanke Jigawa daga Jihar Kano aka mai da shi babban birni, ma'aikata suka yi ta tasowa, aka yi ta gini. Unguwanni irin su Takur da Fatara da Gida Dubu suka cika, a 2011 kuma Jami'ar Tarayya ta zo da nata jama'ar. Gidajen nan hannaye daban-daban ne suka yi musu wayarin, a lokuta daban-daban. Wani ɗakin an ja shi tun ana gini, wani an ƙara shi da maigida ya yi amarya, wani kuma ɗan haya ne ya jona abinsa ya tashi ya bari.

Ga shi kuma gida ɗaya yakan sha wuta daga wuri uku. Akwai ta kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi rabon wuta a Kano da Jigawa da Katsina a 2013, ko da yake har gobe NEPA ake cewa. Akwai janareto. Akwai kuma sola, wadda ba baƙuwa ba ce a jihar, domin tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wata ƙungiyar Amurka mai suna Solar Electric Light Fund ta kai ta wasu ƙauyuka. Amma cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 shi ya sa fanel ya hau kan kwanon gidajen da a da janareto kaɗai suka sani.

A wurin sola ne ma mutanenmu suka fara ɗanɗana rage haske da rimot. Dubi fitilun nan masu fanel a ka da ke ƙofar shaguna da masallatai da teburin mai shayi, daga Dutse har Shuwarin da Kiyawa da Jahun. Rimot ɗinsu na da maɓallin awa 3 da awa 5 da awa 8, da na rage haske. Ba a daɗe ba kowane mai shago ya gane cewa in ya bar ta da cikakken ƙarfi za ta mutu tsakar dare, in kuwa ya rage za ta kai shi asuba. Daga nan sai tambaya ta biyo: me zai hana a yi wa ƙwan ɗaki haka?

Su kuwa mojul da dima, galibinsu daga birnin Shenzhen na ƙasar Sin suke fitowa, su sauka Legas, su zo kasuwar Sabon Gari a Kano, sannan su iso Dutse ta hanyar Wudil. Wanda ya ƙera su ya ɗauka gidan da za su shiga wutarsa ba ta yankewa, ƙarfinta ba ya hawa ba ya sauka, intanet kuma na nan dare da rana. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ba ta san janareto ba. Wannan giɓi da ke tsakanin takarda da gida, mai wayarin ne ke cike shi da kansa.

Tambaya kafin sukundireba

Gwani ba ya fara aiki da buɗe jakar kaya. Da tambaya yake farawa, har mai gida ya ƙosa.

"Alhaji, wa ke kwana a ɗakin?"

"Hajiya ce, mahaifiyata."

"Allah ya ƙara mata lafiya. Tana riƙe babbar waya?"

"Ina! 'Yar ƙarama ce, ta kira kawai."

"To ranka ya daɗe, rimot za mu yi mata, mai maɓalli kaɗan. In an ɗauke wuta, da me kuke kwana, inji ko sola?"

Kowace amsa tana canza aikin. Zai nemi a nuna masa inbata ya karanta jikinta. Zai kwance ƙwan da ke ɗakin ya juya shi a hannu. Zai tambaya ko fanka da ƙwai makunni ɗaya suke bi. Zai leƙa wurin mita ya ga ko gidan na cikin masu canza layi in ɗaya ya yi rauni. Wanda bai san dalili ba zai ce ɓata lokaci ne, amma duk wanda ya fahimci yadda ake rage haske zai ga cewa rabin aikin a nan aka gama shi.

Yadda ake yanka wuta

Wutar da ke zuwa gidajenmu, mai ƙarfin bolt 230, ba miƙe take tafiya ba. Kai da komowa take yi sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kowane zuwa da kowace dawowa, ƙarfinta yakan tashi daga sifili, ya kai ƙololuwa, ya sake sauka sifili. Ke nan sau 100 a daƙiƙa wuta tana ratsa sifili. A wannan ɗan gurbi dima ke aikinta.

Ka ɗauki mai ban-ruwa a gonar rani. Ba ya rage ruwan babban kwalbati, bakin fangali yake buɗewa ya toshe. In ya buɗe da wuri ya daɗe, fangali ya sha da yawa, in ya jinkirta ya sha kaɗan. A cikin dima akwai wani ƙaramin makunni marar motsi da ake kira tirayak. Duk sanda wuta ta ratsa sifili sai ya jira ɗan lokaci kafin ya buɗe mata hanya. In jiran gajere ne, ƙwai ya sami kusan dukkan rabonsa, in mai tsawo ne ya sami ɗan saura. Da yake abin yana faruwa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya ganin yankan, raguwar haske kawai yake gani.

Wani injiniya ɗan Amurka, Joel Spira, shi ya fito da dima irin wannan ta gida a 1959 a birnin New York, ya kuma kafa kamfanin Lutron a 1961. Kafin shi, rage haske galibi a wurare irin su gidajen wasan kwaikwayo ake yinsa, da manyan na'urori masu ƙone rarar wuta ta koma zafi. Hikimarsa ita ce a hana wutar wucewa tun farko maimakon a bar ta ta zo a ƙone ta.

To amma Spira ƙwai mai zare ya yi wa aiki, irin jan ƙwan nan mai zafi. Shi zarensa ba ya gardama, abin da aka ba shi yake ci, kuma ba ya hucewa tsakanin yanka da yanka. Ƙwan LED da ya cika kasuwa yau wani abu ne daban. A gindinsa akwai 'yar na'urar da ke karɓar wutar gida ta mai da ita 'yar kaɗan mai tafiya miƙe, kuma an gina ta ne don ta riƙe haske daidai ko da wuta ta yi rauni. Idan dima ta rage, ita sai ta yi ƙoƙarin cikewa. Daga wannan ja-in-ja ake samun ƙwai mai ƙyaftawa, ko mai ƙugi, ko wanda zai yi ta haske yadda yake sannan ya mutu farat ɗaya. Shi ya sa gwani ke neman ƙwan da aka rubuta a kwalinsa cewa yana karɓar dima, alhali yawancin masu arha ba sa karɓa. Ya kuma san dima iri biyu ce: mai yanke farkon kowane zuwan wuta, da mai yanke ƙarshensa. Ta biyun ta fi jituwa da LED, ta fi shiru.

Akwai abin da ba zai taɓa ɗora wa dima ba ko an roƙe shi. Na farko ƙwai mai caji, wanda ke ci gaba da haske bayan an ɗauke wuta, domin shi ta layin yake gane ko makunni a kunne yake, dima kuwa rikita shi take yi. Na biyu fanka, wadda za ta yi ta gurnani tana zafi. Firji da dutsen guga da talabijin kuwa ba a ma maganarsu.

Ta ina umarni ke bi?

Rage haske rabi ne, sauran rabin shi ne yadda saƙo zai tashi daga hannun mutum ya isa bango. Tsohuwar hanya ita ce X10, wadda kamfanin Pico Electronics ya ƙirƙira a 1975 a garin Glenrothes na Sukotlan, ta shiga shagunan Amurka a 1978. Dabararta abin sha'awa ce: ta cikin wayar wutar gida take aika saƙo, daidai lokacin da wuta ke ratsa sifili. Kowane mojul yana da adireshi, harafi ɗaya daga A zuwa P da lamba ɗaya daga 1 zuwa 16, wato adireshi 256. Tun a lokacin an raba mojul na fitila, mai iya ragewa, da na sauran kaya, mai kunnawa da kashewa kawai. Sai dai saƙon X10 ba ya tsallakawa da sauƙi daga wannan layi zuwa wancan, kuma hayaniyar caja da inbata na haɗiye shi. A gidan da ake sauya layi ana tayar da inji, ba zai yi daɗin zama ba.

Abin da ke hannun masu wayarin yau hanya huɗu ce. Akwai rimot irin na talabijin, mai aiki da hasken da ido ba ya gani, wanda sai an saita shi ga fitila, ba ya ratsa ko labule mai kauri. Irinsa ne a yawancin fitilun sola, shi ya sa rimot ɗin maƙwabci kan kashe taka in kamfaninku ɗaya. Akwai rimot na rediyo mai megahaz 433, wanda ke ratsa bango, ba ruwansa da data. Akwai Wi-Fi, inda wayar hannu ke zama rimot ta manhaja irin su eWeLink ta kayan Sonoff ko Smart Life ta Tuya, har mutum na Kano ko Makka ya kunna fitilar ƙofar gidansa. Sai Zigbee, inda na'urorin gida ke miƙa wa juna saƙo har ya isa, amma sai an sayi wata uwar na'ura da za ta haɗa su.

Akwai kuma ƙwai mai wayo, wanda komai na cikinsa, irin Philips Hue da ya fito a 2012 da ire-irensa masu sauƙin kuɗi. Ɗaura shi kawai ake yi. Aibinsa ɗaya: da zarar yaro ya danna makunnin bango, ƙwan ya kurmance, ko ka latsa waya sau ɗari. A gidan da ke da yara da baƙi, gwani ya fi son mojul a bayan makunni, kuma in da hali mai jin rimot da Wi-Fi duka biyu, don in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi.

Bayan makunni

A nan ake ganin hannu. Abu na farko, ba ya yarda da "ai an ɗauke wuta". Wutar da aka ɗauke ba ta sallama in za ta dawo, kuma inbata na iya ciyar da layin nan a ɓoye. Sai ya sauke bireka, ya kashe inbata, ya ce wa yaronsa, "Tsaya nan, kada ka bar kowa ya taɓa." Sannan ya kwance sukurori biyu, ya jawo makunni a hankali.

Ƙa'ida ta ce jar waya ce mai wuta, baƙa ce nutural, wato hanyar komawa, koriya kuma ta ƙasa. Kayan waje sukan zo da ruwan ƙasa da shuɗi. Gwani ya san ƙa'idar, amma ba ya rantsuwa da launi, don ya sha ganin ɗakin da aka ja shi kaf da waya kala ɗaya saboda ita ta rage a nadi. Tasta ma ba ta ishe shi ba, domin takan yi ɗan ja a kan wayar da ba ta da wutar kirki, don kawai ta kwanta kusa da mai wuta a cikin fayif. Sai ya mai da wuta na ɗan lokaci, ya auna da mita, ya ɗaura wa kowace waya alama da salatif, ya sake kashewa. A nan ne yakan kama tsohon kuskuren da ke kashe mutane: makunnin da aka ɗora a kan nutural, ta yadda ƙwai a kashe yake amma mazauninsa cike da wuta. In ya tarar da haka, sai ya gyara kafin komai.

Sai babbar matsala. Mojul abu ne mai rai, dole ya ci wuta dare da rana don ya ji kira, saboda haka yana bukatar mai wuta da nutural duka. A yawancin gidajenmu kuwa waya biyu ce kawai ke saukowa makunni: mai kawo wuta da mai kai ta ga ƙwai. Nutural tana can sama. Mafita uku ce. Ko ya zura sabuwar waya ta cikin fayif, in fayif ɗin bai toshe da siminti ba. Ko ya hau silin ya ajiye mojul kusa da ƙwai, inda wayoyin duka suke. Ko ya sa irin mojul ɗin da ba ya bukatar nutural, wanda ke satar 'yar wuta ta cikin ƙwan kansa. Wannan na ukun yana da nasa hali: 'yar wutar da yake sata takan isa ta sa LED ya yi ta ɗan haske ko walƙiya bayan an kashe shi, har a fara zargin aljanu. Maganinsa wani ƙaramin kafasito ne da ake ɗaurawa a wurin ƙwan, ya ba wa wutar hanyar wucewa ta gefe.

Dubi yadda yake fere waya: daidai tsawon da zai shige rami, ba jan ƙarfe ko ɗaya a waje, bai kuma ciji ko sili ɗaya ba. Ya ɗaure sukuru, ya ja wayar da yatsa biyu ya ji ko za ta zame. Ɗaurin da ya yi sako-sako shi ke zafi, zafi kuma shi ke zama gobara. Ba ya murɗe waya biyu ya naɗe da salatif ya tura, mahaɗi mai sukuru yake sawa. Tsohon makunnin kuma ba ya cire shi. Sai ya mai da wayoyinsa cikin mojul, ya zama shi ma ɗan aike ne. Daga ƙarshe ya lanƙwasa wayoyi bayan akwati, ya kula 'yar wayar eriya ba ta manne da ƙarfe ba, domin akwatin ƙarfe yana shanye saƙon rediyo. In ya ga wurin ya matse, gara ya canza akwati mai zurfi, don dima tana ɗumi, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Dutse ke haura digiri 40, ɗumi kaɗan a rufaffen wuri ba kaɗan ba ne.

Saitin da ba a gani

Bayan an mai da wuta sai gabatarwa. Ya danne maɓallin mojul har 'yar fitilarsa ta fara ƙyaftawa, ya latsa rimot, su san juna. Daga nan wannan mojul ba zai amsa wa rimot ɗin kowa ba. In na Wi-Fi ne, ya san yawancinsu layin gigahaz 2.4 kaɗai suke ji, don haka in haɗi ya ƙi, can yake fara dubawa, ba ya ce kaya ne jabu.

Sannan ya zauna ya yi abin da ɗan koyo ke tsallakewa. Ya yi ta rage haske sannu a hankali, idonsa a kan ƙwai, har ya kai inda ya fara rawa. Sai ya ɗan ɗaga sama da nan, ya kafa iyaka, yadda ko Hajiya ta danne maɓalli har ƙarshe ba za ta faɗa wurin ƙyaftawa ba. Ya san kuma ido ba mita ba ne. In aka rage haske zuwa kashi 25 cikin 100, ido gani yake kamar rabi ne, domin ƙwayar ido tana buɗewa ta rama. Saboda haka hasken kwana yana can ƙasa sosai, kuma dimar kirki ita ce mai tafiya a hankali a wannan yanki na ƙasa.

Saiti mafi muhimmanci a garinmu shi ne abin da fitila za ta yi in wuta ta dawo. Wasu na'urorin daga masana'anta an saita su su kama da cikakken ƙarfi. A ƙasar da wuta ba ta yankewa wannan ba komai ba ne. A nan kuwa ma'anarsa ita ce ƙarfe biyun dare a kawo wuta, ɗakin majinyaci ya haskake kamar rana. Gwani zai saita ɗakin kwana ya zauna a kashe, ko ya koma yadda aka bar shi, fitilar ƙofar gida kuma ta kama da kanta.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Ɗan koyo in ƙwai ya kama ya ragu, sai ya fara tattara kaya. Gwani a lokacin yake fara jarrabawa. Ya sauke bireka ya mayar, ya ga abin da fitila za ta yi. Ya kashe data, ya gwada rimot da makunnin bango. Ya shiga ɗaki mafi nisa, ya rufe ƙofa, ya latsa. Ya ce a tayar da janareto, domin ƙaramin inji ba ya riƙe bugun 50 daidai, yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, haske kuma ya riƙa numfashi tare da shi. Ya juya kan inbata ya kasa kunne. Inbata mai arha ba ta fitar da wuta mai santsin hawa da sauka, tsalle-tsalle take yi daga mataki zuwa mataki, dima kuwa in ta rasa inda sifili yake sai ta rikice, ta yi ta ƙara.

In ya ga haka ba ya dagewa. Sai ya bar wutar gida gaba ɗaya, ya ja layi daga batir kai tsaye, bolt 12 ko 24, ya sa fiyus kusa da batir, ya ɗaura fitilar LED mai cin irin wannan wuta. A nan rage haske ya fi sauƙi, domin na'urar kunna fitilar take yi tana kashewa sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa, tsawon kunnawar shi ne yawan hasken. Ba ruwanta da NEPA, ba ruwanta da inji. Sharaɗinta waya mai kauri da gajeriyar tafiya: fitila mai wat 24 a kan bolt 12 tana jan amfiya 2, alhali a kan bolt 230 kusan kashi ɗaya cikin goma na amfiya take ja. Siririyar waya a nan asarar haske ce da haɗarin zafi. Yana da wata dabara ta ƙarshe: ya ɗaga kyamarar wayarsa ya saita fitilar. In ya ga baƙaƙen layuka na gudu a fuskar waya, ya san akwai ƙyaftawar da ido bai kama ba amma kai zai ji ta bayan an daɗe ana karatu.

Maganar gaskiya a kan kuɗi

Mai talla zai ce maka dima na rage kuɗin wuta. Mai wayarin na ƙwarai lissafi zai yi maka. Ƙwai mai wat 12 in ya kwana awa 10 ya ci 120 a ma'aunin wat na awa. In an rage shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, wajen 30 zai ci. Amma mojul mai Wi-Fi shi ma yana cin abin da ya kai kusan wat 1 ba dare ba rana, wato har wajen 24 a yini. Ribar na nan, sai dai a kan ƙwai ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Inda take fitowa fili shi ne falo mai ƙwai takwas ko goma a kan mojul guda, ko gidan da ƙaramin batir ne ke raba dare tsakanin fitila da fanka. A ɗakin Hajiya kuwa, abin da aka saya shi ne kada ta laluba bango cikin duhu ta faɗi.

Wannan ilimi ba a aji ɗaya aka koye shi ba. Wasu masu aikin sun ratsa kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke Dutse ko makarantun koyon sana'a, wasu tun suna yara suke riƙe wa oga tsani. Sun ƙara da kallon bidiyo a YouTube da tambayar juna a WhatsApp. Amma abin da ya shafi inbata mai tsalle, da layin da ake sauyawa, da tsaka mai shiga akwati ta haɗa waya, da ƙurar hunturu mai toshe ramukan iska, wannan a gidajen Dutse da Birnin Kudu da Ringim aka gano shi, aiki bayan aiki. Ya cancanci a rubuta shi a koyar, da Hausa, kafin kowane sabon yaro ya sake ƙona nasa mojul ɗin ya gano da kansa.

Ga mai neman wanda zai yi masa irin wannan aiki, alamomin ba su da wuyar ganewa. Yana yawan tambaya kafin ya faɗi kuɗi. Yana kashe wuta da hannunsa. Yana barin makunnin bango da rai, don ranar da rimot ya faɗa bayan gado ko data ta ƙare, gida bai koma duhu ba. In na manhaja ne, da lambar mai gida yake buɗe asusun, ba da tasa ba, don kada makullin fitilar mutane ya zauna a aljihunsa. Kafin ya tafi yakan durƙusa ya miƙa wa mai ɗakin rimot, ya ce, "Hajiya, gwada da kanki in gani," kuma ba ya tashi sai ta yi sau biyu ba a nuna mata ba. Babbar alama kuwa ita ce wani lokaci zai duba inbatarka da ƙwanka da wayarin ɗinka, ya mai da mojul cikin kwali, ya ce, "Alhaji, wannan ba zai yi a gidanka ba, sai mun gyara wancan tukuna." Ya bar cinikin yau ke nan don kada ya sayar maka da abin da zai dame ka gobe. In ka sami mai faɗin haka, riƙe lambarsa.